Yadda Ake Tsara Katin Jadawalin Biki, Daga Rubutun Hannu Har Zuwa Maɗaba'a

Duk lokacin da kakar bukukuwa ta kama, musamman ƙarshen shekara da kuma gab da azumi, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini daga bakin abokan ango da yayyen amare: an ɗora mini buga katin biki, ta ina zan fara? Yawancin masu tambayar maɗaba'a suke fara nufa, alhali ita ce zangon ƙarshe. Kafin inji ya taɓa takarda akwai aikin zama da iyaye, da tantance sunaye, da daidaita lokaci, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ke ɓata ran dangi. Ga yadda nake bi, mataki bayan mataki. Ka ba kanka mako shida kafin biki in da hali. Mako huɗu ma zai yi, amma da gudu.

1. Tantance takarda nawa za ka buga

Abin da muke kira katin biki a dunƙule takardu ne daban-daban. Akwai katin ɗaurin aure, wanda iyaye maza ke rabawa a masallaci da kasuwa da wurin aiki. Akwai katin jadawali, mai ɗauke da jerin shagulgula kwana bayan kwana, wanda galibi a hannun mata yake yawo. Akwai takardar tsarin taro, wadda ake ajiyewa a kan tebur ranar walima ko dina, tana nuna abin da zai biyo bayan wani. Wasu kuma suna ƙara ƙaramin katin shiga don masu tsaron ƙofa.

Kada ka haɗa su a takarda ɗaya don neman sauƙi. Idan ka sa adireshin wurin dina a katin ɗaurin aure, to ka gayyaci duk wanda katin ya shiga hannunsa, kuma kujera ɗari biyu ba za ta ɗauki unguwa guda ba. Haka nan dattijon da aka miƙa wa kati a bakin masallaci ba ya bukatar ganin ranar sa lalle da launin anko.

2. Zauna da gidaje biyu, da biro da littafi

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Ango ya gaya maka jadawali ta waya, amarya ta turo nata ta WhatsApp, sai ka ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ɗaurin aure a hannun waliyyin amarya yake, shi zai faɗi masallaci ko ƙofar gidan da za a ɗaura da kuma lokaci. Kamu da sa lalle da yini a hannun iyaye mata suke. Kai amarya da buɗar kai kuwa sai gidajen biyu sun daidaita.

Je ka da ƙafarka. Ka sami waliyyi, bayan gaisuwa ka ce, "Baba, an sa ni buga kati, shi ne na zo in ji daga bakinku, a wane masallaci za a ɗaura, kuma ƙarfe nawa?" Abin da ya faɗa ka rubuta a gabansa, ka karanta masa. Daga nan ka shiga cikin gida wurin uwar biki, wadda sau da yawa gwaggo ce ko inna, ba mahaifiyar amarya ba, saboda kara. Ka tambaye ta kwana bayan kwana. Jerin ya bambanta daga gari zuwa gari, har daga gida zuwa gida. Wani gidan kamu ne farko sannan lalle, wani gidan sun haɗe su rana ɗaya, wani kuma sun ajiye kiɗa gaba ɗaya sun tsaya a kan walima da wa'azi. Kada ka kwafo jadawalin bikin wasu ka cike gurbi.

Gargaɗi a nan: kada ka rubuta sunan wurin taro sai ka ga rasidin kama shi da idonka. "Mun yi magana da su" ba kama wuri ba ne. Sannan ka tambaya ko an kammala gwajin lafiya na kafin aure. A jihar Kano, alal misali, tun 2024 doka ta wajabta shi, kuma sakamakonsa na iya taɓa ranar da aka sa. A bari ya fito kafin a kashe kuɗin bugu.

3. Sunaye da laƙabi

Babu abin da ke jawo ƙorafi a katin biki kamar suna. Na taɓa tsara katin wata ƙanwata, na rubuta iyalan gidaje biyu, na manta ban sa sunan kawun da ya riƙe ta tun tana shekara shida ba. An riga an buga ɗari uku. Bai ce mini komai ba, sai dai ya karɓi katin ya juya bayansa, ya sake juyo gabansa, ya sa a aljihu. A daren muka koma maɗaba'a aka sake bugu, kuma har yau ina jin nauyin wannan kallo da ya yi wa takardar.

Don haka ka nemi kowane gida su ba ka sunayen a rubuce, da hannunsu ko ta saƙo, kuma ka kwafa harafi da harafi. Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Mamman duk suna ɗaya ne a asali, amma kowa da yadda yake rubuta nasa. Haka A'isha da Aishatu, Abdullahi da Abdullah. Ka tambayi laƙabi: Alhaji ne ko Malam, Dakta ne ko Farfesa, Hajiya ce ko Malama. Mai sarauta a rubuta sarautarsa cikakkiya tare da garin, kuma a tabbatar ba tsohuwar da aka ɗaga shi daga kanta ba ce. Wanda ya rasu a sa masa Marigayi ko Marigayiya. Idan ango ko amarya suna da sunan da aka fi saninsu da shi, a sa shi a ƙarƙashin sunan yanka, domin wasu ƙawayen ba su taɓa jin sunan yankan ba.

Sai maganar wa za a fara ambata. Babu doka ɗaya da kowa ke bi, kuma sau da yawa kowane gida kan buga nasa katin ɗaurin auren ya fara da sunansa. Idan kati ɗaya za a yi wa gidajen biyu, ka bar manya su yanke, kai dai ka rubuta. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuwa, ka yi tambaya a asirce ko za a sa sunayen iyaye mata, in za a sa kuma da wane jeri. Idan ka ga abin zai ja magana, "Iyalan Alhaji Wane" ya wadatar, ya kuma rufa wa kowa asiri.

Lambobin waya na masu karɓar uzuri biyu ko uku sun isa. Ka nemi izinin masu su, sannan ka kira kowace lamba daga jikin takardar, ka ji ta shiga wurin wanda ake nufi.

4. Rana, lokaci da wuri

Kowane shagali yana bukatar abu huɗu a layinsa: sunansa, rana da kwanan wata, lokaci, wuri. In akwai anko ko kuma taron na mata ne zalla, a ƙara a ƙasa da ƙananan haruffa.

Ka buɗe kalanda ka duba cewa sunan rana ya dace da kwanan wata. Kuskure ne da ake yawan yi idan an ɗaga biki da mako ɗaya ko an kwafi tsohon zane: sai ka ga an rubuta Asabar, alhali kwanan watan ya faɗa Juma'a. Rubuta sunan wata da haruffa, kamar Juma'a, 12 ga Disamba, 2025, maimakon jera lambobi da sanda a tsakani. Idan za ka ƙara kwanan watan Musulunci, ka tuna ya danganta da ganin wata da sanarwar fadar Sarkin Musulmi, don haka kalandar bango na iya saɓawa da kwana ɗaya. In watan bikin bai kama ba tukuna, ko dai ka bar shi, ko ka sa sunan watan da shekarar kawai.

Lokacin ɗaurin aure kada a yi wasa da shi. Minti goma zuwa sha biyar ne a gama, wanda ya taso daga Gusau ko Azare ya makara da kwata ɗaya sai dai ya tarar ana rabon goro da alawa. "Bayan sallar Juma'a" kaɗai ba ya isa, tunda masallatai ba lokaci ɗaya suke tayarwa ba. Sa sunan masallacin da lokacin da yake tayar da salla, bayan ka tambayi liman ko ladan.

Sauran shagulgulan a gina su a kewayen salla. A Kano da maƙwabtanta magariba kan faɗi wajen ƙarfe shida a lokacin hunturu, ta kai kusan bakwai saura a tsakiyar damina. Taron da aka sa ƙarfe huɗu a watan Disamba, sa'a biyu kacal gare shi kafin a tashi.

A wajen adireshi ka yi tunanin baƙon da bai taɓa zuwa garin ba. Sa unguwa, sa titi, sa wata alama da kowane mai adaidaita sahu ya sani, kamar gidan mai ko makaranta ko asibiti. Masu zane na iya sa maka lambar QR, wato ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da ake haska wa kyamarar waya, da ke buɗe Google Maps. Tana da amfani, amma kada ta gaza santimita 2 a kowane gefe, kuma kada ta maye gurbin kwatance da rubutu.

5. Tsarin taro na cikin zaure

Wannan a zauna da mai gabatarwa a rubuta shi. Jerin da aka saba: isowar baƙi, buɗe taro da addu'a, shigowar ango da amarya, taƙaitaccen tarihin amarya daga babbar ƙawa, na ango daga babban aboki, nasihar iyaye, cin abinci, hotuna, jawabin godiya, rufewa da addu'a. A walima za a sa karatun Alƙur'ani da sunan malamin ko malamar da za ta yi wa'azi. Idan auren coci ne, fasto za a kai wa daftarin ya duba jerin sujada, da wuraren karatu, da lambobin waƙoƙi.

Shawarata a kan wannan takarda: a ta baƙi, sa lokacin farawa da na tashi kawai, sauran a jera su da lamba. Mai ɗauke da mintoci dalla-dalla a buga guda biyar a takarda fara, a ba mai gabatarwa, da mai hoto, da masu abinci, da wakilin kowane gida. Amarya na iya makara da sa'a guda a wurin kwalliya, kuma takardar da ta ce abinci ƙarfe 8:15 tana sa mutane duban agogo.

Duk wanda ka rubuta sunansa cewa zai yi magana, a sanar da shi tun kafin bugu, ya kuma amsa. Kiran dattijo ya buɗe taro da addu'a alhali bai zo ba abin kunya ne ga gidan duka.

6. Ayoyi da hotuna

Katin biki ƙarshensa ƙasa. Ka dubi zauren taro bayan an watse, za ka ga takardun a ƙarƙashin kujeru, an taka, miya ta zuba a kai, da safe a share a kai bola. Saboda haka ni ba na sa ayar Alƙur'ani ko Bisimilla da Larabci a katin da za a raba wa ɗaruruwan mutane, kuma malamai da dama suna jan kunne a kan hakan. Fatan alheri da Hausa ya isa: Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Idan iyaye sun fi son a sa addu'ar nan ta ma'aurata da ta zo a hadisi, "Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair," to wanda ya iya Larabci ya duba ta a kan samfurin da aka buga. Wasu manhajojin zane suna wargaza haruffan Larabci, su raba su ɗaya-ɗaya ko su juya su daga hagu, mai zanen kuma bai sani ba.

Hoton amarya ma a tambayi iyayenta da angon kafin a sa. Gidaje da yawa ba sa so.

7. Girma da irin takarda

Katin jadawali ya fi kyau a A5, wato milimita 148 da 210, gaba da baya. Yana shiga jaka, kuma ana karanta shi ba tare da an matse ido ba. Katin ɗaurin aure da na shiga A6 ya ishe su, rabin wancan ke nan. Tsarin taro kuwa, ko A5 guda, ko A4 da aka ninke biyu ya ba da shafi huɗu. In ɗan littafi ake so mai tarihi da hotuna, shafukansa dole su zama huɗu, takwas, sha biyu, haka dai, domin kowace takarda da aka ninke shafi huɗu take bayarwa. Ka kawo abin shafi shida, sai ka biya kuɗin takwas.

Kaurin takarda da giram ake faɗarsa. Kati mai tsayawa da kansa 250 zuwa 300. Shafukan cikin littafi 130 zuwa 150. Takardar ofis ta yau da kullum 80 ce ko ƙasa da haka, tana lanƙwashewa a hannu kuma rubutun baya na lekowa. Idan za a ninke kati mai kauri, ka ce a fara yi masa layin ninki da inji, in ba haka ba fentin zai tsage a gaɓar. Ledar da ake shafawa a kai iri biyu ce, mai ƙyalli da marar ƙyalli. Marar ƙyallin ta fi daɗin karatu a ƙarƙashin fitilun zaure. Katin da za a rubuta sunan baƙo a kai da biro kada a sa masa leda ko kaɗan.

8. Wurin mai zane

Kai masa rubutun a buge, an gama gyara shi, don ya kwafa ya liƙa. Idan ka bar shi ya buga da kansa daga hoton rubutun hannu, ka buɗe ƙofar kuskure. Yawancin masu zanenmu da CorelDraw suke aiki, wasu matasan da Canva a waya. Ko da wanne ne, ga abin da za ka roƙa.

Nau'in rubutu kada ya wuce biyu. Mai lanƙwasa a bar shi ga sunan ango da amarya, lokaci da adireshi a yi su da miƙaƙƙen rubutu wanda girmansa bai gaza 11 ko 12 ba a ma'aunin girman harafi na kwamfuta. Ka tuna da idon kaka. Rubutu ruwan gwal a kan fari ko ruwan hoda ba ya karantuwa.

Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane nau'in rubutu ke da su ba. Wani sai ya bar gurbi, wani ya sa ɗan akwati, wani ya ɗauko harafin daga wani nau'in ya fito kamar baƙo a layi. Duba ɗaurin aure, buɗar kai, ƙarfe, ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Da an gama, mai zane ya mayar da rubutun duka zuwa zane kafin ya fitar da PDF, don kada kwamfutar maɗaba'a ta sauya shi.

A yi aikin a tsarin launi na CMYK, wanda injin bugu ke amfani da shi. Abin da ke haske a fuskar waya yakan fito a dushe a takarda. Shuɗi na iya karkata zuwa shunayya, ruwan gwal kuma ya koma kamar ruwan ƙasa, sai dai in za a biya kuɗin buga gwal na musamman mai ƙyalli. In ana son kati ya dace da anko, yanko ƙyallen atamfar ka tafi da shi. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ya nisanci baki da kamar milimita 5. Hoto a karɓo na asali daga mai hoto, a turo shi a matsayin fayil, domin wanda aka tura ta WhatsApp yadda aka saba ya riga ya rage ƙarfi.

9. Samfuri kafin bugu

Kada ka amince da zane a waya. Biya kuɗin guda ɗaya a buga a ainihin takardar, a yanke. Ka karanta da babbar murya, yatsa a kan kowace kalma. Ka ba wani wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta. Sannan ka kai wa waliyyi da uwar biki da wakilin gidan ango. Wanda ya duba ya sa hannu a baya. Wannan samfurin za ka bar wa mai maɗaba'a, ka riƙe hotonsa, shi ne shaidarku ku biyu idan aiki ya fito daban.

10. Lissafin kuɗi

Farashin takarda da tawada na motsi kusan kowane wata, don haka abin da zai amfane ka shi ne sanin yadda ake lissafin. Injin da ake kira DI, mai bugawa kai-tsaye daga kwamfuta, da falle ake biyansa, kuma fallen A3 ne ko wanda ya ɗan fi shi faɗi. Falle ɗaya na fitar da A6 takwas, ko A5 huɗu, ko A4 biyu. Kati 300 na A5 falle 75 ke nan. Mai ninki na A4 guda 300 falle 150. Littafin A5 mai shafi takwas kuwa kowane ɗaya falle guda yake ci gaba da baya, wato 300. Ka ga daga kati zuwa littafi kuɗin bugu ya ninka huɗu, ba a zo maganar ɗinki ba.

Tambayi kuɗin falle gaba da baya, ka ninka shi da yawan fallen, sannan ka ƙara kuɗin zane, leda, yanka, ninki da ambulan. Ka ce a rubuta maka kowanne daban. Idan adadin ya haura ɗari biyar, tambayi farashin babban inji mai faranti, wato fallen ƙarfen da ake fara ɗora zanen a kai kafin bugu. Shi kuɗin farantin ne mai nauyi a farko, huɗu ga kowace fuska mai cikakken launi, amma yawan bugu na sauko da kuɗin kowane kati. Sai dai yana son kwanaki, kuma gyara bayan an yi faranti sabon kuɗi ne.

Adadi kuwa, katin ɗaurin aure da na jadawali a tambayi kowane gida nawa suke so, a ƙara kashi goma cikin ɗari. Tsarin taro ba sai kowa ya samu ba, uku ko huɗu a kowane tebur sun isa. Ka zaga maɗaba'a biyu ko uku, ka ga aikin da suka yi da hannunka. Ba da kafin alƙalami rabi ko abin da ya ɗan fi, ciko sai aiki ya fito, kuma a rubuta ranar karɓa a rasidi. Ranar da za ka faɗa musu ta riga ainihin ranar bukatarka da kwana uku, saboda wuta da lalacewar inji. A Disamba, da watan Sha'aban, da lokacin yaƙin neman zaɓe da fastoci ke cika maɗaba'u, mayar da ita mako guda.

11. Karɓa da rabawa

Kada ka aiki yaro ya karɓo. Buɗe ƙunshin a gabansu, zaro daga sama da tsakiya da ƙasa, gwada da samfurin da aka sa wa hannu. Duba ko yanka ya ci rubutu, ko bayan katin ya fito a kife, ko launi ya sauya a tsakiyar aiki. Ƙirga ɗauri ɗaya ka ga ya cika.

Katin gayyata da na jadawali su fita mako biyu zuwa uku kafin biki, a fara da na nesa da kuma manya, waɗanda ake kai wa hannu da hannu tare da goro ko alawa. Karɓi hoton katin mai kyau daga mai zane don turawa ta waya. Takardar tsarin taro kuwa a jinkirta buga ta har makon biki, tunda ita ce ta fi saurin sauyawa, kuma a damƙa ta ga mutum ɗaya da zai isa zaure sa'a guda kafin baƙi ya jera a tebur.

Idan wani abu ya sauya bayan an buga, kamar rasuwa ta sa an ɗaga rana ko an sauya wuri, in katin bai fita ba a buga 'yar sitika daidai girman layin a liƙa a kai. In ya riga ya fita, a gyara hoton, a rubuta SANARWAR SAUYI da manyan haruffa a samansa, a tura ta duk hanyar da aka bi da na farko, sannan a raba sunayen dattawa da baƙin nesa tsakanin mutum uku ko huɗu, su bi su da kira ɗaya bayan ɗaya.